Ruwan Da Ba A Nunawa Da Yatsa

KwaMagidela, Fabrairu

Zuwa ga Zibuyile, 'yar ƙanwata,

Mshana, ina gaishe ki, ina gaida mijinki da 'yan samarinki biyu. Mu nan lafiya muke, ban da gwiwata ta hagu da ke kuka kamar tsohon ƙyaure. An yi ruwa sosai bana, masara ta fi ni tsawo.

Ajiye abin da ke hannunki ki zauna. Na zama kaka! Matar ɗana Velaphi ta sauka lafiya a Newcastle, an sami 'ya mace. Kin san irin jiran da muka yi, har mutane suka daina tambayata, sai dai su dube ni da tausayi a wurin wankan shanu. Ina cikin garke saƙon ya iso. Na fito a guje ban rufe ƙofa ba, maruƙa suka faɗa gonar kabewar maƙwabciyata, har yau ba ta gama zagina ba, ni kuwa dariya nake yi mata. Na je na ga yarinyar. Na sa mata suna Lindeni. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Mai jinya ta ce, "Mkhulu, kaka, lokacin ziyara ya wuce." Na ce, "Ki gaya mata, ba ni nake riƙe da ita ba."

Ki yi haƙuri da rubutuna, layin yana hawa tudu. Da furfura na koyi riƙe alƙalami, a ajin yamma na barikin leburori, bayan an fito daga ramin kwal. Waya kuwa sai an hau dutse take kamawa, kuma a can duk mai kiwo yana jin sirrinka. Shi ya sa na ba direban bas ɗin garinku wannan.

Idan an gama girbi, a watan Yuni, za a kawo Lindeni gida. Za a yanka akuya a gabatar da ita ga kakanni, a kai ta inda ake kai 'ya'yan gidan Hadebe. Ki fara neman hutu tun yanzu.

Sai wata magana. Mutanen wurin aikinki sun zo da farar mota, an yi taro a makaranta. Sun ce ramin kwal da ke bayan dutse zai miƙo ta ƙarƙashin kwarinmu, don haka mu nuna musu kowane ruwa da muke da shi su sa a taswira. Mun nuna musu rafin Nsonti, da fadamar da gauraki ke ƙwai, da rijiyar burtsatse. Na yi ta duba ko zan ga fuskarki a cikinsu, ban gani ba.

Na yi aikin rami, na san yadda ake yi. A haƙa gaba, ana barin ginshiƙan kwal suna riƙe da rufi. In an kai ƙarshe a juyo ana cinye ginshiƙan, rufi yana zubewa a baya. Bara sun yi haka a ƙarƙashin gonakin gidan Mdakane, ƙasa ta tsage, ƙoramarsu ta shige cikin tsagar ba ta sake fitowa ba. Abin da ban sani ba shi ne me wannan taswira za ta hana. Ki gaya mini da harshen da tsoho zai gane.

Kawunki mai jika,
Mfaniseni Hadebe

*

Middelburg, Maris

Malume,

Bhungane, kirarin gidan Hadebe! A tsaye na karanta wasiƙarka a ƙofar ofis, na rangaɗa guɗa har mai gadi ya leƙo. Allah ya raya Lindeni. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi tari ya warke. Gwiwar nan kuma ka kai ta asibiti, ka daina shafa mata man keke.

Ba ka gan ni a taron ba don ni ce mai zama a ofis tana haɗa taswirar daga abin da suka kawo. Ga yadda take. Duk ruwan da ke kanta, doka ta hana a cinye ginshiƙan da ke ƙarƙashinsa da na gefensa. Za a bar su tsaye, ƙasa ba za ta zauna ba, ruwa ya tsaya inda yake, dabbobin da ke sha su ci gaba da sha. Duk wurin da babu alama kuwa, za a cinye a bar rufi ya faɗi. Abin da ba ya kan taswira, a wurin masu rami babu shi. Ƙarshen Yuni za a miƙa ta ga hukuma, daga nan ba a ƙara komai.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Abokan aikina sun ga kashin karen ruwa, cike da ɓawon ƙaguwa, a bakin kwazazzabon da ke bayan kaburbura. Da suka nufi shiga, sai suka tarar da tsofaffi biyu zaune a kan dutse, suka ce musu babu komai a ciki sai macizai, suka juyo da su. Malume, karen ruwa ba ya zama inda babu ruwa mai zurfi. Kuma kafin Mama ta rasu ta taɓa ce mini akwai wani gurbin ruwa da aka wanke ta a ciki tana jaririya. Da na tambaye ta ina yake, sai ta tashi ta ɗora tukunya.

A tsarin masu rami, ƙarƙashin wannan kwazazzabo ne za a fara cinyewa idan bazara ta shigo. In akwai ruwa a can, ka gaya mini. Ba don son sani nake tambaya ba.

'Yarka,
Zibuyile

*

KwaMagidela, Afrilu

Mshana,

Gaisuwa gare ki da gidanki. Lindeni ta fara murmushi, Velaphi ya ce iska ce a cikinta, na ce shi ma iska ce a kansa. Gwiwa tana nan.

Ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu ni ne. Ɗayan yayana Dingizwe, babban gidanmu. Ba ƙarya muka yi niyya ba, macizan suna nan. Amma wurin nan ba a nuna shi da yatsa, ba a faɗin sunansa sai a cikin garken shanu inda ake magana da kakanni, kuma wanda ba a wanke shi a ciki ba bai ganin hanyarsa. Haka muka tarar. Ke a birni aka haife ki, mahaifiyarki ba ta kawo ki ba. Ko wannan da nake rubutawa, sai da na rufe ƙofa.

Tun da wasiƙarki ta zo na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna cin tuwo sai in tashi in duba shanu, in na je wurin shanu sai in manta abin da ya kawo ni. Na je na sami Dingizwe yana gyaran sanda a ƙofar ɗakinsa.

Na kira shi da kirarin gidanmu na ce, "Bhungane, za su cinye ginshiƙan ƙarƙashin kwazazzabo."

Ya ce, "Su ci su ƙoshi. Masu riƙe da ruwan nan ba a kan kwal suke tsaye ba."

Na ce, "To ƙoramar Mdakane fa? Su ba su da kakanni?"

Ya ce, "Kakannin Mdakane mashaya ne tun suna da rai. Barci ya ɗauke su."

Na ce masa ba wasa nake ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Tica, tun da suka ba ka alƙalami kake tsoron takarda fiye da kabarin ubanka. Yau ka sa wurin nan a takarda, gobe Bature ya zo da gajeren wando da kwalba yana wanke ƙafa a ciki. Gara ya ƙafe da mutuncinsa."

Ni ma na ga mai gajeren wandon a raina.

To ga roƙona. Ke ce mai zanen. Ba za ki iya zana babban da'ira ki kewaye kwazazzabon duka ba, ba tare da kin ce me ke ciki ba? Ki ce macizan kike karewa.

Abu ɗaya mai daɗi. 'Yar gida ce ke goya jariri zuwa wurin wankan, uwarsa ba ta zuwa don ita suruka ce. Velaphi ba shi da 'yar'uwa, saboda haka Dingizwe ya ce ke za ki goya Lindeni. Tun da ba a wanke ki ba, za a lulluɓa miki bargo a ka, in riƙe hannunki in ja ki, tafiya da dawowa. An taɓa yi wa wata gwaggonmu haka.

Kawunki,
Mfaniseni

*

Middelburg, Afrilu

Malume,

A gurguje nake rubutu, motar aiki na jirana. Muna lafiya.

Da'ira babu dalili ba za ta karɓu ba. Kwal ɗin da za a bari a ƙasa yana da yawa, masu rami ba za su bar shi don macizai ba. Sai an ce ga ruwa, ga daidai inda yake, ga kaɗan daga cikinsa an auna, kuma ni in sa hannu.

Amma ka buɗe wata ƙofa ba ka sani ba. Muna da wata 'yar na'ura kamar waya, ita ke karanta wuri da kanta, ba ta buƙatar idona. In zan goya Lindeni, sai in sa na'urar cikin zanen goyo. Tsumman da aka goge Lindeni da shi bayan wanka kuma in matse shi a kwalba. Ba wanda ya nuna, ba wanda ya faɗa, Malume Dingizwe ba zai taɓa sani ba sai ruwan ya tsira.

Ka yi tunani da sauri. A wannan magana ni baƙuwa ce, iyakar abin da baƙuwa za ta iya ke nan.

Zibuyile

*

KwaMagidela, Mayu

Zibuyile,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma haka.

Na karanta taki sau da yawa, ko zan ga ta canza. Ba ta canza ba.

Jikar da na jira har gashina ya yi fari, ranar da za a fara nuna ta ga iyayenmu, ki ce a ɗaura mata sata a baya? Yayana yana durƙushe yana kiran sunan ubanmu, ni ina tsaye a gefensa na san abin da ke cikin zane? A'a. Ruwan da aka cece shi ta haka, ban san da wane ido zan sake dubansa ba. In yarinyar nan ta yi ko da zazzaɓi bayan haka, ni zan san dalili, kuma ba zan iya faɗa wa uwarta ba.

Sannan kin ce ke baƙuwa ce. Mahaifiyarki Khonzaphi a bayana ta koyi tafiya, ni na ɗauki akwatinta ranar da ta tafi birni. In karatu da ofis sun mai da ke baƙuwa a gidan Hadebe, to ba mu muka kore ki ba. Ba a ba baƙuwa goyon jikata. Ki gaya mini ke wace ce, in san wadda zan jira a tasha.

Mfaniseni Hadebe

*

KwaMagidela, ƙarshen Mayu

Mshana,

Shiru. Duk ranar da bas ya zo ina tasha, har direban ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko ba ki da lafiya ne? Ko yaron ne tarin ya dawo?

Wataƙila alƙalamina ya yi kaifi. Da baki ne, da kin ga fuskata kin san ba haka nake nufi ba duka. Takarda ba ta da fuska, wannan ba a koya mana a aji ba.

Sanyi ya shigo, ciyawa ta bushe, an gama karyar masara. Na taka har gonakin Mdakane don in gani da idona. Inda ƙoramar take, yashi ne da ɓawon ƙaguwa fari fat. Tsagar tana nan, hannuna ya shiga har kafaɗa, iska mai ɗumi tana fitowa. Matar Mdakane ta ce gauraki sun zo da damina sun yi ta kewaye suna kuka, suka tafi. Kwaɗi ma babu. Ban taɓa sanin kukan kwaɗi yana cika wuri ba sai da na tsaya inda babu shi.

Na dawo na gaya wa Dingizwe komai, har da maganar na'ura a zane, da cewa na ƙi. Ya shaƙi tabarsa ya yi atishawa ya shiga ɗaki.

An sayi akuya, an jiƙa dawar giya. Saura mai goyo. Ki zo, ko da na'ura ko babu.

Kawunki

*

Middelburg, farkon Yuni

Malume,

Lafiyarmu lau, ka kwantar da hankalinka. An tura ni aiki can arewa wajen iyaka, wasiƙunka biyu suna wurin mai gadi, tare na same su. Na fara da mai zafin, na yi kuka a mota, sannan na buɗe ta biyun.

Ba cewa na yi ni baƙuwa ce a gidanku ba. Abin da nake nufi, a wurin ruwan nan haka al'ada ta ajiye ni, mai bargo a ka. Tun ina yarinya in mun zo hutu, 'ya'yan gida su yi ta raɗa suna duban kwazazzabo, in na matso su yi shiru. Ban taɓa gaya wa kowa abin ya dame ni ba. A gurguje na rubuta, sai ya fito da ƙaya.

Maganar zane kuwa, ka yi gaskiya. Tsoron ƙarshen wata ne ya sa na faɗe ta. Na janye.

Zan zo. Zan goya Lindeni, zan sa bargo. Na'urar a hannuna zan shigo da ita kowa yana gani, in ajiye ta a kan ginshiƙin ƙofar gida. In Malume Dingizwe ya ce a'a, a nan za ta kwana, in dawo da ita, in miƙa taswirar yadda take. Ba zan ɓoye maka ba, in haka ta faru, ban tsammanin ƙanen Lindeni zai tarar da ruwa a wurin.

Ka jira 'yar Khonzaphi a tasha.

Zibuyile

*

Middelburg, Yuli

Malume,

Na iso lafiya, naman da kuka ɗaura mini ya kai mu kwana da kwanaki. Yara suna gaishe ka. Bayana har yanzu yana neman ɗumin yarinyar nan.

Ga labarin da kake jira. Gurbin ya shiga taswira. Injiniyan masu rami ya yi ta ja, ya ce ina muka samo tafki a ƙurarren lokaci, na ajiye masa kwalbar da hoton sawun karen ruwa a laka. Za a bar ginshiƙan ƙarƙashin kwazazzabon da na gefe biyu. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban mallaka ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da hanyoyin da ba mu gani, amma rufi ba zai faɗi a ƙarƙashinsa ba. Sharaɗin shi ne za a kafa ɗan farin turke mai lamba a bakin ruwan, kuma duk shigowar damina da fitarta a zo a auna. Na nemi a bar mini wannan aikin. In wata rana na bar wurin nan, wani za a aiko, ba kuwa zai zama ɗan gida ba. Ka gaya wa Malume Dingizwe wannan, kada ya ji daga baya.

Akwai abin da har yau ban gane ba. Da safen nan ina cikin bargo ban ga komai ba sai ƙafafuna. Na ji kun kwance Lindeni, na ji ta tsala ihu da ruwan sanyi ya taɓa ta, na ji Malume Dingizwe yana jera sunayen kakanni. Sai ya tsaya a tsakiyar suna. Na ɗauka numfashinsa ne ya ɗauke. Da muka dawo bai dubi na'urar ba, bai dube ni ba, na cire rai.

Da la'asar kuma ina wanke tukwane, ya fito da sandarsa ya tsaya kusa da ni, ya ce wa karensa, "Zan je in ga iyayena. Ban kira kowa ba, ban nuna wa kowa komai ba. Ba na kuma waiwaye, wuyana yana ciwo." Na tsame hannu na ɗauki na'urar na bi shi. Bai waiwaya ba har muka je muka dawo.

Malume, wurin yana da kyau.

Me ya tsayar da shi a tsakiyar suna?

'Yarka,
Zibuyile

*

KwaMagidela, Agusta

Mshana,

Na gaishe ki da gaisuwar mutumin da ya ci tuwonsa a zaune har ya side kwano. Lindeni tana juyawa da kanta yanzu, an ce haƙori yana tafe. Na je Newcastle na gan ta, ta yi mini fitsari a wandon zuwa coci, ban bari an wanke ba sai da na nuna wa mutane.

Kin tambayi abin da ya tsayar da shi. Ga abin da bargo ya hana ki gani. Kin san wurin yanzu, iska ba ta shiga, ruwan yana kwance kamar madubi. Yana durƙushe da yarinyar a hannunsa, ya kai sunan kakanmu, sai ruwan ya yi rawa. Ba kifi, ba ganye ya faɗa. Ƙananan zobba ne suka taso daga ko'ina a lokaci ɗaya, suka lafa, suka sake tasowa. Ni na ji shi a tafin ƙafata, na san shi, injin yankan kwal ne, sun iso ƙarƙashinmu suna buɗe hanya. Dingizwe bai taɓa shiga rami ba. Ya dubi ruwan, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya ƙarasa sunayen da wata murya da ban san shi da ita ba.

A garke, da maza suka watse, ya ce mini, "Ina magana da ubana, wani yana ƙwanƙwasa masa ƙasan ɗaki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran kin gani.

Na gaya masa maganar mai aunawa da zai zo wata rana ba ɗan gida ba. Ya ce, "Na sani. Ai na gaya maka, mai gajeren wando." Wasu 'yan'uwa sun ji haushi, ɗan baffanmu ya daina zuwa shan giya a gidan nan, ya ce mun sayar da iyayenmu ga takarda. Ban iya ce masa ƙarya yake ba duka. An kafa turken. Na gan shi, fari ne ƙal a cikin duwatsun nan, ido ba ya iya kauce masa. Na tsaya ina jin daɗi da kunya tare, ban san wanne zan fara haɗiyewa ba. A laka kusa da shi akwai sawun karen ruwa, babba da ƙanana biyu. Su dai bai dame su ba.

Dingizwe bai koma wurin ba tun ranar. Ya ce sai ya san yadda zai yi wa kakanni bayani. Jiya ya same ni ina wannan rubutu, ya tsaya a kaina ya ce, "Tica, 'yar Khonzaphi kake rubuta wa?" Na ce ita ce. Ya ce, "Lambar nan da ke jikin turken, ni ban iya karatu ba, kai kuma ban yarda da naka ba. Ka ce ta aiko da ita da manyan baƙi, a karanta mini in haddace. Zan je in gaya wa tsofaffin nan lambar gidansu, kada wani ya zo da takarda su ce ba a nan ba ne."

To, ki aiko. Da manyan baƙi.

Kawunki, kakan Lindeni,
Mfaniseni Hadebe